Girkin Kwana Uku a Dutsen Lawu

Sau uku Sumarni tana kiran lambar kafin Bu Warti mai abinci ta ɗauka. Ana jin ƙarar ludayi da tukunya a bayanta.

"Makon Sallah? Haba ƙanwata, hannu biyu gare ni. Gidajen kan dutsen nan kaf an kama su, kowa kuma tukunyata yake jira."

"Mutum huɗu ne kacal, Bu. Kwana uku." Sumarni ta yi ƙasa da murya, ta tura ƙofar kicin ta rufe. "An ce duk garin Tawangmangu babu mai kaza da madarar kwakwa irin taki."

"Wanda ya faɗa miki bai yi ƙarya ba. To, ina jin ki."

Gidan da za a kai abincin na katako ne, ɗaki biyu da baranda, can saman dutsen Lawu. Wata huɗu ta yi tana kallon hotunansa a waya kafin ta kama shi haya. Babbar 'yarta Ratri ta gama sakandare bana, kuma tun tana ƙarama take cewa tana son wata rana ta farka ta ga gajimare a ƙasanta.

Sumarni ta zaro takarda daga aljihu ta fara karantawa. Mijinta Pardi yana da gyambon ciki, kada a sa masa barkono da safe. Mahaifiyarta ba ta da haƙora, shinkafarta ta dahu luguf, a cire wa kifinta ƙaya. Ratri ba ta son ganin albasa a miya, sai an niƙa. Shi kuwa auta, Dimas, a yanka masa nama ƙanana, kuma a zuba masa miya daban, don in ta taɓa shinkafa ba zai ci ba.

Bu Warti ta kwashe da dariya. "Wannan odar abinci ce ko takardar likita? Ke fa, me ba kya ci?"

"Ni ba ni da matsala."

Daga ɗakin ciki tsohuwa ta yi tari, ta ƙwala kira. Sumarni ta yi sallama da sauri, ta wanke hannu ta tafi.

Daga ranar, kullum bayan azahar, in tsohuwa ta yi barci gida ya yi tsit, sai ta kira. Yau a ƙara shayin citta saboda sanyin asuba. Gobe a soya ayaba da la'asar. Wani lokaci babu abin ƙarawa, sai ta tambayi Bu Warti ciwon gwiwarta, ta jingina da firji tana sauraron labarin tsadar kwakwa da surukin da ba ya jin magana. Akwai ranakun da muryar matar nan ce kaɗai ta yi hira da ita, matar da ko fuskarta ba ta sani ba.

"Kin fi duk masu odata surutu," in ji Bu Warti wata rana. "Ranar da muka haɗu sai na toshe miki baki da soyayyar ayaba."

Ranar da aka sa ta zo da mummunan labari. An kwana ana ruwa a kan dutsen, ƙasa ta zaftare ta tare hanyar da ta tashi daga kasuwa zuwa gidajen sama. Babu shago a can, babu mai sayar da ko ƙwai. Sumarni ta kira Bu Warti, wayar ba ta shiga ba. Ta sake kira. Ta yi wa tsohuwa wanka, ta ba ta kunu cokali-cokali, ta shanya kaya. Ta dubi agogon bango, ta rage awa ɗaya a ranta. A can ma lokacin abincin rana ya wuce.

Tana goge tayil ɗin da ta riga ta goge wayar ta yi ƙara.

"Kwantar da hankalinki, abinci ya isa," Bu Warti ta ce tana haki. "A bayan babur na hau da shi, sauran hanyar kuma a ƙafa, da wannan gwiwar tawa."

Sumarni ta zauna a ƙasa. "Sun ci?"

"Har da suɗe kwano. Mahaifiyarki ta yi ta sa mini albarka kamar ni na haifi kazar. Ratri tana baranda, ta ƙi shigowa. Amma fa kin ba ni kunya. Na zauna na yayyanka nama kamar na ɗan yaye, ina zuwa sai ga wani zabgegen saurayi da gashin baki ya buɗe ƙofa, wai shi ne Dimas. A gabana ya juye miyar a kan shinkafa ya cakuɗa!"

Sumarni ta yi dariya. 

"Na dai ƙara kwano ɗaya kyauta, na rufe miki," in ji Bu Warti. "Motar yaushe za ki biyo?"

Sumarni ta miƙe ta tsaya bakin tagar kicin, hawa na goma sha tara, tana kallon motoci ƙanana kamar tururuwa.

"Ki ba Dimas, Bu," ta ce. "Da alama yanzu yana ci da yawa."

Shekararsa bakwai ranar da ta sa ƙafa ta bar ƙasarsu ta zo Kuwala Lumfur jinyar uwar wasu, yau shekara tara ke nan, kuma da sauran biyu kafin ta koma.