Hukuncin Agwagwa

Malama Ramla ta ba wasan tseren babura shida cikin goma, ta ja layi biyu a ƙasa, ta rufe littafin. Wasa na ɗari da takwas ke nan. Tun da ta sayi babbar waya take wannan aiki: duk wasan da ta sauke sai ta rubuta sunansa, da ranar da ta fara shi, da abin da ya ba ta haushi, sannan ta yanka masa maki kamar yadda take yanka wa 'yan aji huɗu, ba sani ba sabo.

Gidansu a Yako babu wuta. Kullum da safe ɗan acaɓa zai sauke ta a Ƙafin Maiyaki, ta miƙa wayar a rumfar Lado mai caji, ta wuce makaranta. Ko makulli ba ta sa wa wayar, don ba ta da abin ɓoyewa. In an tashi ta dawo ta karɓa, wani lokaci da ɗumi, wani lokaci ma ba ta cika ba. Ta sha cewa injin Lado ya tsufa.

Shi kuwa Ladon nan son ta yake, son da ke hana shi haɗa gaisuwa ba tare da in'ina ba. Ya aika saƙo ta hannun gwaggonta Kulu yana neman izinin turo magabata. Mahaifinta ya ce zaɓi nata ne, ta dai ba da amsa ranar Alhamis. Ba ta ƙi Lado ba, mutumin kirki ne. Amma ina za ta kai mijin da wayarsa 'yar mitsitsiya ce mai madannai, an ɗaure ta da roba? Da wa za ta yi gardamar maki?

Ga shi zuciyarta ta riga ta tafi wani wajen. Akwai wani a Fesbuk mai kiran kansa Sarkin Yatsa, ba hoto, ba adireshi, sai zallar rubutu. Kullum wajen azahar sharhinsa kan wasannin waya ke fita, da Hausa mai daɗi da baƙar magana. Shi ne ya taɓa cewa wani wasan yaƙi ya fi jiran mota a tasha cin rai. Ramla ta yi dariya har ta ƙware.

Abin da ya rikita ta shi ne, duk wasan da ta sauke yau, gobe shi zai yi wa sharhi. Da farko ta ce dace ne. Da aka yi sau ashirin ta daina kiransa dace, sai murmushi ita kaɗai a kan babur, har ɗan acaɓa ya tambaye ta ko lafiya. Mutum biyu ba su taɓa haɗuwa ba, amma hankalinsu na faɗawa kan abu ɗaya a rana ɗaya. In wannan ba haɗin Allah ba ne, to mene ne?

Ranar Talata ta yanke shawarar gwaji. Ta tona can ƙasan rumbun wasanni ta zaƙulo wani da ko mutum hamsin ba su sauke ba, na wata agwagwa mai tuƙa jirgin ƙasa. Ta ce in Sarkin Yatsa ya taɓa wannan, magana ta ƙare.

Laraba da ta karɓi wayar, nan take ta buɗe shafinsa. Ga shi nan a sama: agwagwa ta iya tuƙi, birki ne ba ta sani ba, bakwai cikin goma.

Bakwai ita ma ta ba shi. Ramla ta isa gida ba ta san ta iso ba. Ta rungume Gwaggo Kulu, ta zuba gishiri sau biyu a miya, ta sauke sabon wasa don murna. Gobe za ta ba Lado haƙuri da bakinta, cikin mutunci, sannan ta cire kunya ta aika wa Sarkin Yatsa saƙo.

Ranar Alhamis hedimasta ya sallame su da hantsi saboda rigakafi. Ta nufi rumfar tana maimaita kalmomin ban haƙuri, tausayin Lado na ɗan taɓa ta. Ba ta taɓa zuwa a wannan lokacin ba. Ta yi sallama, shiru. Ta sake yi, shiru. Sai ta leƙa bayan teburin.

Lado na tsugune, ya riƙe wayarta a kwance da hannu biyu, manyan yatsunsa na gudu a kai, ya cije leɓe, gumi na zuba.

"Don Allah a ba ni minti biyu," in ji shi, bai ɗago ba, babu ko alamar in'ina. "Matakin ƙarshe nake."

A kan gwiwarsa kuwa ga 'yar wayar nan mai roba, shafin Sarkin Yatsa a buɗe, an rubuta rabin sharhin yau.