Cikon da Auta Ya Ciza

Ta fara daga haƙoran sama, kamar yadda ta saba yi shekara goma sha tara da ta yi tana likitar haƙori. Ɗan madubi a hannun hagu, tsinken ƙarfe a na dama. Fitilar ɗakin ba ta kai ta asibitinta haske ba, ga sanyi har cikin yatsu. Katin ƙanenta Auta yana gefe, da zanen haƙoransa da ta yi da hannunta.

Abu ɗaya take tsoro: mataunin ƙarshe, ƙasa ta hagu. Shi ya sa ta bar shi sai ƙarshe.

Auta direban babbar mota ne, mai doguwar tafiya. Dabararsa ta korar barci ita ce alawa. Sai ya cusa guda a kumatun hagu yana tsotsa, in ta narke ya sa wata, tun daga inda ya ɗauki kaya har inda zai sauke. Wata shida da suka wuce ya shigo mata riƙe da kunci, ido ya yi ja.

"Wannan ba kogo ba ne, rijiya ce," ta ce da ta leƙa.

"Tsutsa ce ta ci shi, Yaya."

"Tsutsar gidanku!"

"Ai gidan namu ɗaya ne."

Ta kai masa ranƙwashi, sannan ta yi masa bayani. Zaƙin ne yake wuni a jikin haƙori, ƙwayoyin cuta su ci su fitar da tsami, tsamin ya riƙa ƙwaƙule haƙorin a hankali, ba zafi, sai ramin ya kusa jijiya. Ta kankare ruɓar, ta cike ramin, ta ce kada ya rufe baki sai cikon ya kama. Wayarsa ta yi ƙara, ya manta, ya cije. Cikon ya lotsa a tsakiya kamar an danna farce. Ta ce ya zauna ta gyara, ya ce kaya na jiransa.

A bakin ƙofa ta tare shi. Buroshi da man goge baki, safe da kafin kwanciya. Alawa kuwa an gama.

"To in barci ya sace ni a kan sitiyari fa, ke za ki tashe ni?"

"Ka tsaya ka kwanta kamar kowa. Rantse."

Ya yi dariya, ya rantse. Ta zare ledar alawar daga aljihunsa ta jefa a kwandon shara.

Yanzu tsinken yana bin haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Babu sabon rami ko ɗaya. Bakin wanda ya rabu da zaƙi ne, kuma ya riƙe buroshi da gaske. Da a wata rana ce, da ta yi murna. Ban da yau.

Mutumin da ke tsaye bakin ƙofa da takarda a hannu ya yi gyaran murya. "Likita, ko za ki fita ki sha iska tukuna?"

Ta girgiza kai.

Ta sauko ƙasa ta hagu. Muƙamuƙin ya ƙi ba ta hanya, sai da ta sa ƙarfi. Ba a ce mata wayyo ba. Ta karkata madubin, bakinta yana motsi da addu'ar da ba ta taɓa yi wa aikin hannunta ba: Allah ya sa kada ta same shi.

Cikon yana nan daram. Bai tsage ba, bai motsa ba. Tsinken ya zame ya faɗa cikin ɗan lotsawar nan ta tsakiya, ya zauna cif.

Ta ajiye kayan aikin a hankali. Ta ja farin ƙyallen ta rufe abin da wuta ta rage na fuskar, sannan ta juya wajen ɗan sandan da ke bakin ƙofa.

"Rubuta. A cikin gawa biyar ɗin nan, wannan ce ta direban da kuka ce barci ya ɗauke, kuma ƙanena ne."