Iskar da ta Maƙale a Birki

Kai da kake cewa ba ka neman kowa, gyara zama ka ji wannan.

An yi wani makanike a wani gari na kan tudu, gwani ne ba ƙarya, sai dai kansa ya fi guduma tauri. Mahaifinsa tsohon direba ne, yana da wata 'yar motar gudu ta zamanin da, ja, mai buɗaɗɗen kai, wadda ta daɗe a ƙarƙashin darbejiya har kaji sun mai da ita wurin ƙwai. Da ciwo ya kwantar da tsohon, sai ya ce abu ɗaya ya rage masa a rai: a sa shi a motar nan a gangara da shi ƙauyen da aka haife shi, can gindin dutse, ya ga danginsa tun yana iya zama. Ƙanen makaniken ya ce wannan ai sai 'yan gwangwan, a kira tasi kawai. Magana ta yi zafi, har wan ya bugi ƙirji a gaban jama'a ya ce shi kaɗai zai tashe ta, ba hannun ɗan kowa. Daga ranar ko gaisuwa babu tsakaninsu, alhali gida ɗaya suke kwana.

Inji bai ba shi wuya ba. Amma hanyar ƙauyen gangara ce mai kwana-kwana, nan dutse nan rami, kuma a irin wannan hanya ba gudun mota ake tambaya ba, tsayawarta ake tambaya. Sai ya tasam ma birki haiƙan. Ya cire na gaba irin na da ya sa na zamani mai faifai, ya sauya tiyon da ya tsattsage, ya zubar da tsohon man birki da ya koma kamar ruwan kwata, ya zuba sabo. Ya shiga ya taka, sai ƙafa ta lume har ƙasa kamar ya taka tuwo. Iska ce ta maƙale a cikin bututu. Fitar da ita kuwa aikin mutum biyu ne: ɗaya a ciki yana taka birki ya riƙe, ɗaya a ƙasa ya sassauta ɗan noti iska ta fita, ya ɗaure kafin na ciki ya ɗaga ƙafa. Gogan naka ya san haka sarai, amma ina, ai ya riga ya cika baki! Ya tokare birkin da taɓarya, ya zagaya da gudu ya shige ƙarƙashin mota. Kafin ya ɗaure noti taɓarya ta zame, iska ta koma. Ya gwada bulo, ya gwada igiya, gwiwoyinsa duk suka sale, bai fasa ba. Shi kuwa tsohon da yake zama da kansa yana kallo, yanzu sai an jingina shi da bango.

Wata safiya tsohon ya ce, "Yau ne?" Makaniken ya ce, "Sai gobe, Baba." Tsohon ya ce, "Goben nan a aljihunka take?" Nan tsoro ya kama makaniken sosai, don ya ga hannun mahaifinsa ko kofi ba ya iya riƙewa. Ya ajiye sifana, ya haɗiye girman kansa, ya je ƙofar ɗakin ƙanensa ya ce, "Sallau, zo ka taka mini birki." Ƙanen bai yi masa gori ba, ya ce, "To, Yaya," ya shiga mota. Na ƙasa ya ce, "Taka!" Na ciki ya ce, "Na taka." "Riƙe!" "Na riƙe." Iska ta riƙa tsartowa da kumfa, suna bin ƙafafun motar ɗaya bayan ɗaya, har man birki zalla ya biyo baya, birki ya tsaya ƙiƙam.

Kafin azahar suka kama gangara, tsohon a gefen makaniken, ƙanen na biye a babur. Kowace kwana makaniken ya taɓa birki, mota ta ji magana. Tsohon ya shiga ƙauyensu a zaune, yana ɗaga wa mutane hannu, yana kiran tsofaffin abokansa da sunayen yarinta. Mako bai zagayo ba Allah ya karɓi abinsa a can, cikin danginsa. Da makaniken ya ƙara mako guda yana kokawa da taɓarya, da gawa zai kai musu.

Shi ya sa Bahaushe ya ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.