Kwanon Rufi a Kan Tudu

Da wani soja mai kaki ya zagaye wani farin ɗigo a takardar taswira da jan biro, sai mai zanen taswirar ya miƙe tsaye.

Shekara uku ke nan yana karanta hotunan tauraron ɗan Adam mai gani ta cikin gajimare. A hoton, ruwa baƙi yake fitowa, ƙarfe kuwa fari fat. Shi ya sa ranar da ambaliya ta ci ƙauyensu ya ce wa mahaifiyarsa a waya, "Inna, ku hau tudu ku jera kwanon rufi. Zan gan ku daga nan."

"Kai da ko takalminka sai an nemo maka?" ta ce tana dariya. Layin ya yanke, bai sake shiga ba.

"Yallaɓai, masu gudun ambaliya ne," ya ce da mai kakin. "Ni na sa su jera kwanon."

"Jiya babu ƙarfe a nan, yau ga shi. Motocin 'yan bindiga ne."

"Wallahi don jirgin ceto muka yi taswirar nan."

"Tauraron ɗaya ne, malam. Jirgin ne daban, namu na yaƙi ne." Ya naɗe takardar ya fita. Shugaban ofis ya sunkuyar da kai.

Sau goma sha ɗaya mai zanen taswirar ya kira lambar Inna, ba ta shiga ba. Washegari sabon hoto ya sauka a allonsa, da na sojojin. Ɗigon ya ƙara girma, ya ƙara haske. Inna ta sa an ƙaro kwano, kada ɗanta ya kasa ganinta.