Wando Sama da Idon Sawu

Batulu na kan keken ɗinkinta a inuwar rakuba, rumfar kara, Ɗahiru ya yi sallama. Daga gonakin riɗi na Simsim ya sauka, da wandon jins ninke a hammata, wanda duk Gadarif ta san shi da shi.

"Ki rage mini shi, ya tsaya sama da idon sawu."

Ta tsayar da keken. Ashe maganar ta kai masa. Mahaifinta Sharu ya rantse, wanda wandonsa ke sharar ƙasa ba zai nemi 'yarsa ba.

Ta ja layi da alli, ya karkace, har sai da ta goge ta sake.

"Ɗahiru, in na yanke ba ya komawa. Kuma Baba yana iya cewa a'a duk da haka."

"Na sani. Yau bayan la'asar zan zo gabansa, da kawuna."

Ta ɗago ta dube shi. Zufa ce ke bin wuyansa, amma bai kau da ido ba.

Daga zaure suka ji gyaran muryar Sharu, takunsa na matsowa.

Batulu ta yi bisimilla, ta danna almakashi.