Numfashin da Bai Fito Ba

Wata rana da la'asar, ina ɗan firamare, Baba ya tsayar da mota gefen wata gona a Umm Salal, a ƙasar Qatar, ya ƙara muryar faifan da ke kiɗa a motar. Faifan bankwana ne na wasu mawaƙan Turai masu rugugin jita da ganguna, waɗanda yake so tun yana ɗalibi. Mawaƙinsu ya mutu kafin faifan ya fito.

Da waƙar ƙarshe ta ƙare, na miƙa hannu zan kashe. Baba ya riƙe ni.

"Dakata, Abba. Saurara."

Ganguna suka yi tsit. Sai na ji mamacin ya ja dogon numfashi, kamar yana zaune a kujerar baya, zai yi magana. Nan faifan ya tsaya.

"Baba, yaushe zai sauke numfashin?"

"Ba zai sauke ba."

Na waiwaya. Babu kowa.

Bara Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Saƙon muryarsa na ƙarshe yana wayata. Nakan saurare shi, amma ban taɓa barinsa ya kai ƙarshe ba.