Sabulun Ranar Baƙi

Tun da sassafe Ambrose ya sa aka wanke injin yanka sabulu, aka ɗaura masa sabuwar wuƙa, aka rage masa gudu. Har janareta ya tayar, kada wuta ta yi halin nata. Yau mai awo zai zo daga kamfanin Hajiya Zulfa na Fagge, matar da bai taɓa gani ba sai motocinta. In ta karɓi sabulunsa, masana'antar da mahaifinsa ya bar masa a Sabon Gari ta tsira. In ta ƙi, sai dai ya garƙame ta da kwaɗo.

Sharaɗinta ɗaya ne: kowane sabulu giram ɗari biyu, in ya hau ko ya sauka kada ya wuce biyar. Injin kuwa zai iya, wallahi zai iya, ranar da aka lallaɓa shi. Sauran ranaku, wuƙa ta dakushe, wuta na rawa, Ambrose na ihun a yi sauri, wani ya fito ƙato, wani kamar an gutsura.

Ana cikin haka sai ga tsohuwar nan da 'yar jakarta. Watanni ke nan tana zuwa bakin ƙofa, wataran da hantsi, wataran bayan la'asar, ta sayi guda ɗaya tak. Ba ta ciniki, ba ta shinshinawa, tambayarta kullum ita ce ko na yau ne. Ambrose yakan tsokane ta, "Inna, wai cinyewa kike yi?" Yau kam babu lokacin wasa.

"Yi haƙuri, Inna, na yau na baƙi ne. Ki dawo gobe a ba ki namu na gida."

Ta yi murmushi ta juya.

Mai awon, Malam Kyari, ya ɗebi sabulai a jere daga bakin injin ya ɗora a sikeli. Ko ɗaya bai kauce ba. Ya jinjina kai ya ce lallai injin na iyawa. Ambrose ya saya wa ma'aikata tsire, washegari kuma sabuwar wuƙar ta koma cikin takardarta, injin ya koma tsere.

Da aka kira shi Fagge, kayan zuwa coci ya saka, har da sabon biro na sa hannu. Malam Kyari ya tare shi a ƙofa babu fara'a, ya ce awonsu biyu ne: abin da inji ke iya yi, da abin da yake yi kullum. Na farko ya ci, na biyun ya faɗi warwas.

Ambrose ya shiga lissafi a ransa. Yaushe aka yi na biyun?

Malam Kyari ya tura ƙofar ofis. Ga wata kanta guda cike da sabulansa, ko takarda ba a ɓare ba, an jera su daga ƙaton zuwa gutsurarren. A bayan tebur, kusa da sikeli, Hajiya Zulfa ta ajiye 'yar jakarta.

"Zauna, ɗan nan. Ka ga dai ban cinye ba."